Alewa A Makarantar Lahadi

Karatu: 1 Korinthiyawa 8:9-13, Matta 7:9-11.

A wata ekklesiya mun ga malami ya na raba alewa ga yaran da su ka haddace aya. Wata yarinya ta faɗi ayarta sarai, ta fi kowa, amma da ya miƙa mata alewa ta noƙe hannu, ta sunkuyar da kai. Ashe ta na da ciwon sukari. Lahadi uku ba ta komo ba. Malamin bai nufi mugunta ba, amma kyautarsa ta ware ta daga 'yan'uwanta.

Bari mu gane ciwon tukuna. Irin wanda ya fi kama yara ba shan zaƙi ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuwa horon zunubi ba ne, kamar yadda Ubangiji ya koya mana a kan makahon nan cikin Yohanna 9. Jikin yaron ne ya daina yin insulin, watau abin da ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka. A dā irin yaran nan mutuwa su kan yi. A 1921 Allah ya ba Banting da Best basira a Toronto ta ƙasar Kanada, a 1922 kuwa aka fara yi wa wani yaro allurar, ya rayu. Yaro mai wannan ciwo ya na iya shan alewa, amma sai an lissafta ta da abincinsa da allurarsa. Iyaye ne su ka san lissafin.

Bulus ya na da 'yancin cin nama, duk da haka ya yarda ya bar shi muddin ransa domin kada ɗan'uwa rarrauna ya yi tuntuɓe. In manzo ya bar nama, mu ba za mu iya barin alewa ba? Uba nagari kuma ya kan duba abin da zai amfani ɗansa kafin ya ba shi.

To, me za mu yi? Mu tambayi iyaye a asirce. Mu sāke lada ga dukan aji, kada a nuna yaro ɗaya da yatsa: fensir, ko littafin rubutu, ko a bar mai ƙoƙari ya zaɓi waƙa, ko ya ɗauki kwanon baiko.

Amma kada malami ya rabu da sukari gaba ɗaya. In yaron ya soma rawar jiki, da zufa, da ruɗewa, watakila sukarin jininsa ya faɗi. In ya na iya haɗiya, a ba shi ƙaramin cokali 3 na sukari cikin ruwa nan da nan, a kira iyaye. In ya suma, kada a zuba masa kome a baki, a kai shi asibiti maza.

Ubangiji ya ba mu idon makiyayi, kada ko ɗaya cikin ƙananan nan ya ɓace ta hannunmu. Amin.