Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Dattawa kan jawo wannan karin magana idan suka ga ɗa ya ɗauko halin gidansu, mai kyau ko akasinsa: ɗan makaɗi da ganga, ɗan malami da allo. Amma wanda ya zauna a wata fadar matasa a Kara-Kara, can gefen birnin Zinder, ya kasa kunne ga wayoyinsu kafin shayi ya nuna, sai ya ce maganar ta tsufa. Wannan ya saki Hamisu Breaker, wancan waƙar fim ɗin Indiya, na ukun kuwa jitar lantarki ce ke tsala ihu.

Kara-Kara unguwa ce da aka fara keɓe wa kutare, kuma ita ce 'yar garin, Aïcha Macky, ta nuna wa duniya a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Damagaram, wato Zinder, kuwa ba ta rasa nata kukan ba. Akwai kakaki da algaita da tambari a ƙofar fadar Sarki ranar hawan Sallah, ga kuma waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo. To me ya kai yaran nan Bombay?

Ai iyayensu ne suka riga su zuwa. Tun wajajen 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Kano, daga nan son su ya bazu a ƙasar Hausa. Mother India na 1957 ya daɗe ana kallonsa. Naushad, wanda ya tsara kiɗansa, mutum ne da ya shahara wajen ɗora waƙar fim a kan raga, wato ma'aunan tsohon kiɗan gargajiyar Indiya, kamar yadda ya yi a Baiju Bawra a 1952. Ke nan Bahaushen da ya haddace karin Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar ya sha kiɗan manyan malaman Indiya ba tare da ya san sunansa ba.

Abin lura shi ne yadda aka yi da baƙon bayan ya sauka. A Kano an sami mawaƙan bege da ake kira Ushaƙu Indiya, waɗanda suka ɗauki karin waƙoƙin fim suka zuba masa yabon Manzon Allah (SAW) da Hausa. Masu shirya finafinan Hausa su ma suka ɗauki salon amshi tsakanin saurayi da budurwa, har waƙar fim ɗin Sangaya ta game gari. Karin na aro ne, amma zancen da ke ciki, da kunyar, da kirarin, duk na gida ne.

Haka ta faru da kiɗan rok na Turawa. Bombino, makaɗin jita ɗan Agadas, ya goge hannunsa da kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler. Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar burkin keke, ya yaba salon Eddie Van Halen, amma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙin finafinan Hausa. Ta katin waya waƙoƙin suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Yau su biyun suna cika dandali a Turai da Amurka, kuma da harshen Tamashek suke rera kukan Abzin. Su kansu Turawan sun yi aro: George Harrison na ƙungiyar Beatles ya sa sita, kayan kiɗan Indiya, a waƙa a 1965, sannan ya zauna gaban Ravi Shankar ya ɗauki darasi, bai kuwa daina zama ɗan Liverpool ba.

Saboda haka dattijon da ke faɗan cewa yara sun bar gida sun kama kiɗan wasu yana da inda zai duba kafin ya yanke hukunci. Ya jira ranar biki a unguwar. Ɗan kabu-kabun da ya wuni da waƙar Indiya a kunne, idan makaɗi ya ɗaga kalangu ya ambaci sunan kakansa, shi ne zai fara kutsawa fili yana lalube aljihu don yin liƙi.