Gani da Yaƙini a Binciken Duniyoyi Masu Nisa

Malaman usuli sun daɗe da rarrabe matakan sani: shakka, inda ɓangarori biyu suka yi kunnen doki a zuci, da zato, inda ɗaya ya rinjayi ɗaya, da yaƙini, wanda ba ya barin ƙofar kokwanto. Bahaushe ya ɗora gani a ƙololuwar waɗannan matakai da ya ce gani ya kori ji, sai dai binciken manyan duniyoyin da ke kewaya matasan taurari daga nesa ya nuna cewa shi kansa ganin yakan tsaya a matakin zato.

A shekarar 2008 masana sararin samaniya ƙarƙashin David Lafrenière suka ɗauki hoton wani ɗigon haske kusa da tauraron 1RXS J1609, da madubin hangen nesa na Gemini da ke kan dutsen Mauna Kea a Hawaii. Ɗigon ya ganu ne saboda irin waɗannan duniyoyi, muddin suna da ƙuruciya, zafin samuwarsu bai huce ba, kuma tazarar da ke tsakaninsa da tauraron ta kai ninki 330 na nisan Ƙasa da Rana, don haka hasken tauraron bai haɗiye shi ba. Amma hoto guda ba ya bambance maƙwabci da baƙo, domin wani tauraro can ƙurya, wanda kawai ya faɗo a layin ido, zai ba da irin wannan hoto. Sai da aka yi ta maimaita awon har zuwa 2010, aka ga su biyun suna gusawa tare a fuskar sama, tazararsu ba ta sake ba, sannan aka tabbatar da cewa ƙarfin janyowar tauraron ne ke riƙe da shi.

Tauraron Fomalhaut, wanda sunansa ya samo asali daga Larabci da ma'anar bakin kifi, ya ba da akasin haka: ɗigon da madubin Hubble ya hango kusa da shi, aka sanar a 2008, ya yi ta faɗaɗa yana dusashewa, har binciken 2020 ya karkata ga cewa ƙurar karon wasu duwatsu ce.

Ko bayan an tabbatar, ganin Dala ba shiga birni ba ne. Nauyin da aka ba abokin 1RXS J1609 da farko, kimanin ninki takwas na duniyar Mushtari, an ciro shi ne ta hanyar istidlali, wato kafa hujja da abin da ya bayyana a kan abin da ya ɓuya, daga haskensa da shekarun tauraron. Kewayensa guda kuwa yana cin dubban shekaru, saboda haka masanin da ya auna matsayinsa yau, amana yake ajiye wa masanan da ba a haifa ba, kuma gaskiyar awonsa ita ce za ta ba su damar gyara kuskurensa.