Kafin a hau jirgi, a ɗaure raƙumi



Juma'ar da ta wuce mun shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci saboda ɗan'uwanmu da ya tafi saro kaya ƙasar Sin, ciwo ya kayar da shi a can. Allah Ya saka wa duk wanda ya jefa wani abu. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: abin da aka tara bai kai rabin kuɗin asibitin ba, kuma jarinsa duk ya tafi. Ba shi da inshorar tafiya.

Mu da muke zaune a Kurmi mun san zafin rashin lafiya nesa da gida. Nan Legas ma kenan, inda ake biya da naira, balle inda sai dala, kuma ba mai jin yarenka.

Wasunmu na cewa ai inshora rashin tawakkali ce. To, Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure tukuna sannan ya dogara. E, malamai da yawa sun hana inshorar kasuwanci saboda garari da riba. Amma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful. Akwai kamfanoninta masu lasisi a ƙasar nan. Manzon Allah (SAW) ya yabi Ash'arawa, waɗanda in abinci ya yi ƙaranci sukan haɗa abin da ke hannunsu su raba daidai.

Mai neman bizar Schengen dole ya nuna inshorar da ta kai Yuro 30,000. Bizar Umara kuwa da inshorarta a ciki, ka riga ka biya, amma mu nawa ne muka taɓa tambayar ejan me ta ƙunsa? Don Allah a tambaya. Galibi ba sa ɗaukar ciwon da ka tafi da shi, irin hawan jini da ciwon suga, sai larurar gaggawa. In kwanakin takardar sun ƙare kana can, shi ke nan.

Duk mai shirin tafiya ya kawo takardarsa ofishin sakatare ranar Lahadi bayan La'asar, mu karanta tare. Tabarma tana nan yau ma. Allah Ya ba ɗan'uwanmu lafiya, Ya dawo da shi cikin iyalinsa, amin.