Gashin Kai da Darajar Mutum

A cikin cututtukan da Allah Ya jarrabi bayinSa da su akwai wadda ake kira ciwon daji, waɗansu kuma su ce sankara. Wannan cuta tana da wani hali da ya raba ta da sauran, watau sau da yawa maganinta ya fi ita kanta bayyana a jikin mutum. Mace takan yi wata da watanni da ƙulli a nono, ba wanda ya sani sai ita da Mahaliccinta. Amma in ta shiga hannun likita, aka soma yi mata ƙarin ruwan magani, bayan mako biyu zuwa huɗu sai ta tashi da safe ta ga gashi a kan matashi, ta sa mataji ya fito a cike. Kafin a jima kai ya zama tal, wani lokaci har gira da gashin ido su bi. Namiji ma haka, gemun da ya yi shekara ashirin yana shafawa sai ya zube masa a tafin hannu.

To, a nan ne tambaya ta taso. Shin ya kamata mutumin da ke neman ransa ya tsaya yana baƙin ciki saboda gashi? In kuwa ya yi, rashin godiya ne ga Allah, ko kuwa wani abu ne da hankali da addini suka yarda da shi?

Kafin a yanke hukunci ya kyautu a san dalilin zubewar. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace takan rabu biyu bisa ƙa'ida, ta tsaya in lokacin tsayawa ya yi. Ciwon daji shi ne waɗansu ƙwayoyin su ƙi tsayawa, su yi ta hayayyafa ba kan gado. Saboda haka masana suka nemo magungunan da ke kashe ƙwayar da ke saurin rabuwa. A shekarar 1948 wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya bayyana cewa da irin wannan magani ya sa sankarar jini ta lafa na ɗan lokaci a jikin waɗansu yara, daga nan aikin ya yi ta ci gaba. Sai dai maganin kamar dogari ne da aka aika kasuwa kamun ɓarawo, ba a gaya masa kamanninsa ba, an dai ce masa ɓarawon mai gudu ne. Duk wanda ya gani da gudu sai ya cafke. Tushen gashi kuwa yana cikin masu gudun nan, gama kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000, kowanne yana ƙaruwa kamar rabin inci a wata. Shi ya sa ake kama shi tare da mai laifi.

Daga wannan bayani abu uku sun fito. Na fari, zubewar gashin ba alama ce ta cewa ciwo ya ci ƙarfin mutum ba, ba sammu ba ne, ba kuwa a ɗaukarsa wajen cin abinci a ƙwarya ɗaya. Na biyu, ba kowane magani ke zubar da gashi ba, saboda haka wanda nasa bai zube ba kada ya zaci maganin bai kama shi ba. Na uku, ga yawancin mutane gashin yakan dawo cikin wata uku zuwa shida bayan an gama magani, ko da yake yakan zo da sabon laushi ko sabon launi. Wanda aka ƙona masa ciwo da haske a kai, shi ne wani lokaci wurin da hasken ya taɓa ba ya sake tsiro.

Waɗansu mutane, da jin haka, sai su ce magana ta ƙare. Abin da zai dawo, me ya kai shi kuka? Su ce wa maras lafiya, "Ke dai gode Allah, gashi ne kawai, ai da kallabi." A cikin zancensu akwai gaskiya, domin in da rai da rabo, ba kuwa mai hankalin da zai auna rai da gashi a sikeli ɗaya. Amma sun manta da wani abu. Jariri akan yi masa aski ran suna, ana murna. Alhaji yakan aske kansa a Mina yana farin ciki. Ba wanda ya taɓa zuwa yi musu jaje. Ashe ba rashin gashin kaɗai ke sa hawaye ba. Abin da ke sa su shi ne an tuɓe wa mutum abinsa ba da yardarsa ba, kuma asirin da yake rufewa ya fito fili. Jiya ita ce uwargida mai shuku, wadda ake tambaya wa ya yi mata kitso. Yau duk wanda ya dubi fuskarta ba gira, cuta yake gani kafin ya gan ta. Kallabi yana rufe kai daga idon baƙo, amma ba ya rufe shi daga madubi, ko daga miji, ko daga kishiya.

Baƙin ciki irin wannan bai saɓa wa haƙuri ba. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, duk da haka shi ake ba da misali da shi wajen kyakkyawan haƙuri. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ran da ɗansa Ibrahimu ya rasu. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Ubangiji. Wanda ya hana maras lafiya kuka, sau da yawa kansa yake nema wa sauƙi, don ganin hawayen ya yi masa nauyi.

Akwai kuma kuskure na biyu, wanda ya fi na farko haɗari. Likitoci a ƙasashe da yawa sun shaida cewa akan sami matan da ke ƙin magani, ko su yanke shi a tsakiya, don tsoron zubewar gashi da abin da mutane za su ce. Wannan ya zama an sayar da doki don a sayi linzami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2022 mata wajen miliyan 2.3 aka samu da sankarar nono, wajen 670,000 kuma suka rasu ta dalilinta, alhali kuwa cuta ce da akan warke daga gare ta in an tare ta da wuri, aka kuma cika magani. Rai amana ne, neman magani kuwa umurni ne. Amma fa in mace ta gudu daga asibiti don tsoron gori, laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Masu gorin suna da kaso, mijin da ya soma ƙaurace wa ɗakinta yana da kaso mafi girma.

Saura maganar rufewa. Shin wadda ta ɓoye kanta ta yi yaudara? Game da kallabi, da ɗankwali, da hula, da rawani, ba wata gardama, sutura ce. Inda malamai suka yi zance shi ne gashin kanti. Ya zo a cikin Buhari da Muslimu, daga Asma'u 'yar Abubakar, cewa wata mace ta nemi izinin ƙara wa 'yarta amarya gashi, domin ƙyanda ta zubar mata da nata, ba a ba ta izini ba. Da wannan ne malamai da yawa suka hana. Waɗansu malaman wannan zamani kuwa suka ce akwai bambanci tsakanin ƙarin ado da kawar da aibi, suka yi sauƙi ga wadda kanta ya zama ba gashi sam. Kowace sai ta tambayi malamin da ta amince da saninsa. Abin da ba shi da kyau shi ne a mai da wannan saɓani sanda, a riƙa dukan wadda ciwo ya riga ya kayar. Ba kuma wajibi ba ne maras lafiya ya ba kowane mai wucewa labarin ciwonsa. Wanda ke da hakkin sani, kamar mai neman aure, shi ne ba a ɓoye wa.

Hikima kuma ba ta hana dabara ba. Waɗansu sukan rage gashin tun kafin ya soma zuba, don ya zama da hannunsu suka yi, wannan kuwa yakan rage zafin abin ƙwarai. In za a aske, almakashi ko injin aski ya fi aska, gama maganin yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, ƙaramin yanka sai ya zama gyambo. A bar kitso mai ɗaurewa da man kanti mai zafi, a rufe kai da ƙyalle mai taushi saboda rana da sanyin hunturu. Akwai wata hular sanyi da ake sa wa mutum lokacin ƙarin ruwa, tana tsuke jijiyoyin jinin fatar kai don kada magani ya isa tushen gashi da yawa; hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinta a shekarar 2015. Tana da tsada, ba ta kuwa yi wa kowa aiki. Yara kuma a gaya musu tun da wuri cewa magani ne zai zubar da gashin Inna, zai kuwa dawo, don kada su firgita su guje ta.

Nauyi mafi girma yana kan mutanen gida. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mijin da ya shiga ɗaki ya tarar da matarsa ba kallabi, bai kau da kai ba, ya zauna suka yi hira kamar kullum, ya yi mata abin da likita ba zai iya ba. Ƙawar da ta saba zuwa yi mata kitso ran Alhamis, kada ta daina zuwa don ba abin kitsawa; ta zo da man shafawa da lalle da labarin gari. Mai zuwa dubiya kuma ya dubi idon maras lafiya, ya bar ƙare wa goshinta kallo.

A cikin hadisi akwai labarin mutum uku daga Bani Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, waɗanda aka aiko musu mala'ika. Mai sanƙon ya roƙi gashi mai kyau, don mutane su daina ƙyamarsa, aka ba shi, har aka ƙara masa da shanu. Ba a zarge shi don ya roƙi gashi ba. An zarge shi ne daga baya, da mala'ikan ya komo masa cikin siffar mabukaci mai irin sanƙonsa na dā, ya hana shi taimako, ya musanta halin da ya taɓa shiga. To, wanda Allah Ya mayar wa gashinsa bayan magani, akwai bashi a kansa: ya je wurin wanda ke shirin somawa, ya tuɓe hula ya nuna masa. Wanda kuma bai taɓa rasa nasa ba, ya tuna aro aka ba shi, tsufa ma na nan tafe da nasa askin.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ba masu jinya juriya, amin.