Majami'ar Da Ta Koma Gidan Kiɗa

Karatu: Ru'ya ta Yohanna 2:1-7, Ayyukan Manzanni 19:8-10

A birnin Amstadam na ƙasar Holan akwai wani gini da ake kira Paradiso, wato Firdausi. An kammala shi a 1880 domin wata jama'a da fastoci biyu 'yan gida ɗaya, masu suna Hugenholtz, suka kafa a 1877 bayan sun rabu da babbar ikilisiyar ƙasar. Shekara 85 ana taruwa a cikinsa. A 1965 jama'ar ta tashi, ranar 30 ga Maris 1968 kuma aka buɗe shi ya zama gidan kiɗa. A shekarunsa na farko ya yi suna wajen shan wiwi a fili. Manyan makaɗan duniya sun yi wasa a can, har da Rolling Stones a 1995. Zauren yana cin mutum 1,500, dogayen tagogin majami'ar kuma suna nan bayan dandamalin makaɗa har yau.

Da jin wannan, ranka zai ɓaci. Amma tsaya ka tambayi kanka: mene ne ainihin abin da aka rasa? Tsarki yana cikin tubali ne?

Dubi abin da ya faru a Afisa. Da Bulus ya bar majami'ar Yahudawa, sai ya koma makarantar wani mutum mai suna Tiranas, ya yi shekara biyu yana koyarwa a can, har Maganar ta bazu ko'ina a ƙasar Asiya. Ba wanda ya keɓe wannan ɗaki domin sujada, duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya yi aiki a ciki. A ƙasarmu ma, a Legas, an mai da tsofaffin gidajen silima da ɗakunan ajiyar kaya wuraren sujada, mutane suka tuba a cikinsu. A karkararmu ta Gaya da Ajingi kuwa, ka san gindin bishiya ko rumfar kara ta ishi masu bi su durƙusa. Ashe bango ba ya tsarkake mutane. Mutanen da Ubangiji yake tsakiyarsu su ne Haikalinsa.

To, ikilisiyar Afisa ɗin nan ce Yesu ya aika wa gargaɗi daga baya. Ya yaba aikinta da haƙurinta, ya yaba yadda ta gane manzannin ƙarya. Laifi ɗaya ya kama ta da shi: ƙaunarta ta fari ta yi sanyi. Ya ce in ba ta tuba ba zai kawar da fitilarta. Lura fa, taro bai watse ba, aiki bai tsaya ba, amma fitila tana gab da tafiya. Yau Afisa kango ce a ƙasar Turkiyya.

Ga inda maganar ta shafe ka. Majami'a tana iya komawa gidan kiɗa ba tare da an sayar da ita ba, allon sunanta yana nan a bakin ƙofa. Kiɗa ba laifi ba ne. Dawuda ya yi rawa a gaban akwatin alkawari. Amma in ganga ta yi daɗi ka cika fili da rawa, da an buɗe Littafi kuwa sai gyangyaɗi ko latsa waya, me ya kawo ka? In ranar bikin godiyar kaka benci ya kasa, daren addu'a kuwa sai tsofaffin mata huɗu da fasto, wa muke yi wa taron? Gara takan cinye azara daga ciki, mai ɗaki yana ganin rufinsa lafiya lau.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin ka yi wa Turawa kuka, ka binciki zuciyarka. A wannan mako ka halarci taron addu'a ko da babu makaɗi ko ɗaya. Ka karanta wa 'ya'yanka Maganar a tsakar gida kafin su kwanta, domin su ne za su riƙe makullin majami'ar nan bayanka.

Addu'a: Ya Uba, ka sabunta ƙaunata ta fari. Ka sa in nemi fuskarka da kiɗa da babu kiɗa. Kada ka kawar da fitilarka daga tsakiyarmu. Cikin sunan Yesu, Amin.