Ɗa Na Kowa Ne, Har a Bayan Katanga?

Hausawa kan ce ɗa na kowa ne. A wurare biyu ake jin wannan magana. Ana jin ta idan mutum ya taimaki yaron da ba nasa ba, ya tsallakar da shi titi ko ya ɗauke shi zuwa asibiti, iyaye suka zo godiya sai ya ce, "Haba Malam, a bar zancen, ai ɗa na kowa ne." Ana kuma jin ta idan mutum ya tsawata wa ɗan maƙwabci, uban ya fusata, dattawa suka zaunar da shi suka tuna masa. Ta farkon kowa yana son ta. Ta biyun ce mai ɗaci, kuma ita ce ke neman ɓacewa a sababbin unguwannin da ke tasowa a gefen garuruwanmu.

Duk mai son ganin haka da idonsa ya leƙa Bomo, a gefen Samaru, cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari. Asalin Bomo ƙauyen manoma ne, masu noman damina da lambu a fadama, ga tafkinsu da ɗaliban jami'a kan je ɗibar ruwa da kifi don bincike. Abin da ya sauya fuskar yankin ya faro ne tun 1922, lokacin da Turawa suka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, ga barikin soja a Basawa, ga asibitin koyarwa a Shika. Kowace ma'aikata ta jawo jama'a, Samaru ta cika da ɗalibai da 'yan haya, har mai iyali ya fara neman inda zai miƙe ƙafa. Sai aka bazu zuwa Hayin Dogo da Palladan da Basawa da Bomo, inda fili ya fi sauƙin kuɗi, iska ta fi yawa, hayaniya ta ragu.

Tambayi duk wanda ya sayi fuloti a can dalilinsa, zai ce maka saboda yara ne. Gaskiya ya faɗa. Amma a dubi yininsa. Ana idar da sallar asuba zai fara shiri, ya hau acaba ko Keke Napep zuwa bakin titin Samaru. Wani nan kusa zai tsaya, cikin jami'a. Wani sai kasuwar Sabon Gari ko PZ, wani sai Kongo, wani ma sai ya kai Kwangila ya nemi motar Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga masu aiki a Kaduna sun daina jeka-ka-dawo kullum, sai ƙarshen mako ake ganinsu. Uwargida ita ma wataƙila malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya, tana da nata lokacin fita. To, daga tashin makarantar boko zuwa kiran magariba, yaran da aka yi ƙaura dominsu suna hannun wa?

Kakanninmu sun amsa wannan tambaya tun kafin a yi ta. Manomi ma yana wuni a gona, ɗan kasuwa yana kwanaki a fatauci. Abin da ya riƙe musu 'ya'ya shi ne tsarin zaman da kansa. Zaure a buɗe yake, da tsoho zaune a ciki yana ganin mai shiga da mai fita. Malamin makarantar allo ya san ɗan wane ne bai zo ba yau. Tsohuwa mai ƙosai a bakin layi ta san yarinyar da ta daɗe a wajen aike, kuma kafin yarinyar ta isa gida labari ya riga ta. Yaro yana kiran kowane babba Baba ko Inna, ba don ladabin baki kawai ba, don ya san wannan mutumin yana da ikon cewa "kai, bari," kuma in ya kai ƙara gida, ƙarin faɗa zai sha.

Sabon gidan bulo ya zo da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, wani har da waya mai ƙaya a sama. Ba na ganin laifin mai katanga. Wanda ya ji yadda 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 suka kwashi malamai da ɗalibai, ko ya ji abin da ƙauyukan Giwa suka sha, ba za a ce masa ya kwana da ƙofa a buɗe ba. Abin da ke damuna shi ne katangar da ke hana ɓarawo shiga ita ce kuma ke hana maƙwabci sallama. Yaron cikinta yana girma tsakanin talabijin da wayar hannu, iyaye suna murna ba ya yawo, alhali ta wayar ya je inda ƙafarsa ba za ta taɓa kai shi ba. Ranar da ya fara fita, ba wanda ya san shi da zai ja masa kunne. In ma wani ya yi ƙarfin hali ya ce, "Alhaji, na ga yaron nan naka da wasu abokai da ban yarda da su ba," amsar da yake samu ita ce, "Ina ruwanka da ɗana?" Daga ranar ya kama bakinsa, sauran maƙwabta ma sun ji sun kama nasu. Mai sayar da ƙwaya ba abin da yake nema a unguwa da ya wuce wannan shirun.

A nan ne 'yar'uwar karin maganar ke shigowa: nagari na kowa, mugu sai mai shi. Jama'a suna tarayya da kai a kan ɗanka ne muddin yana gyaruwa. In ka kore su har ya lalace, kai kaɗai za ka yi ta sintiri tsakanin gidan mai unguwa da caji ofis.

Sai dai akwai masu fakewa da wannan magana su yi ɓarna. Ɗa na kowa ne ba izini ba ne na lakaɗa wa ɗan wani duka, ba kuma hujja ba ce ga uban da ya haifa ya watsar, yana jiran gari ya ciyar masa. Sannan "kowa" a yankin Samaru ba Bahaushe kaɗai ba ne. Jami'a ta tara Bayarabe da Ibo da Igala da mutanen kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista, kuma 'ya'yansu a fili ɗaya suke buga ƙwallo da namu. Dattijon da ya ga ɗan baƙo zai faɗa kududdufi ya kau da kai saboda ba addininsu ɗaya ba, bai fahimci maganar ba ko kaɗan. Haka ma ma'aikacin da ke raina tsawatarwar manomi don bai yi boko ba, alhali shi manomin ne ya fi kusa da unguwa da rana tsaka lokacin da ma'aikacin yake ofis.

Saboda haka ina kira ga duk wanda ya tare a Bomo ko makamanciyarta: kafin ka gama fentin gida, je ka gaida mai unguwa da liman, ka shiga gidajen da ke dama da hagunka riƙe da hannun yaranka, ka faɗi sunayensu, ka ce, "Baba, ga 'ya'yanku nan, in kun ga ba daidai ba ku tsawata, ku kuma sanar da ni." Ku kuma 'yan gari, in an kawo muku wannan amana ku karɓa hannu biyu, ku yi wa ɗan baƙo faɗa irin wanda za ku so a yi wa naku.