Daren Orlando Da Abin Da Ya Biyo Baya

A daren 12 ga watan Yuni 2016, cikin makon farko na azumin Ramalana, wani saurayi mai suna Omar Mateen ya shiga wani gidan rawa da 'yan luwaɗi ke taruwa a birnin Orlando na ƙasar Amurka, ya buɗe wuta, ya kashe mutum 49, ya raunata fiye da 50. Kafin 'yan sanda su harbe shi ya yi shelar mubaya'a ga ƙungiyar Da'ish. Gari na wayewa sai idanu suka koma kan Musulmin ƙasar, ana jiran abin da za su ce.

Matsayinsu ba mai sauƙi ba ne. Shekara guda kafin haka, a 2015, Kotun Ƙoli ta Amurka ta halatta auren jinsi ɗaya a dukkan jihohi, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Musulunci kuwa bai canza ba. Labarin mutanen Annabi Luɗu, alaihis salamu, yana nan cikin Suratul A'arafi da Suratu Hudu, kuma mazhabobin nan huɗu sun haɗu a kan haramcin wannan aiki.

Duk da haka limamai suka fito suka la'anci kisan ba tare da kwana-kwana ba. Wasu Musulmi suka shiga layin ba da jini da azumi a bakinsu, wasu suka tara kuɗi don iyalan mamatan. Wanda ya ɗauka sun sassauta addini ne bai fahimci addinin ba. Littafin da ya haramta alfasha shi ne ya daidaita kashe rai guda ba da hakki ba da kashe mutane baki ɗaya, cikin Suratul Ma'ida, inda kuma aka gargaɗi mumini kada ƙin wasu mutane ya kai shi ga barin adalci. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Malaman fikihu sun ce hukunci yana kan aiki, ba kan abin da zuciya ta ɗarsa ba, kuma zartar da shi aikin alƙali ne bayan shaida. Ba a bar wa wani mai bindiga wannan ba, kome yawan kabbararsa.

Masu fafutukar hakkin 'yan luwaɗi ba su gamsu ba. Hujjarsu ita ce, kiran abin haramun daga kan mumbari shi ke haifar da ƙyama, har iyaye su kori ɗansu daga gida. Batun korar yana da nauyi, domin zumunci wajibi ne da zunubi ba ya kayar da shi, kuma yaron da aka kora titi ba masallaci zai nufa ba. Amma neman malami ya halatta abin da nassi ya haramta, wannan ba ya cikin ikonsa. A watan Mayu 2023 malamai fiye da 100 na Amurka da Kanada suka sa hannu a wata sanarwa mai wannan ma'ana: haramcin yana nan, kuma kowane maƙwabci yana da hakkin zama lafiya ba tare da cin zarafi ba.

Wata guda bayan haka, majalisar garin Hamtramck na jihar Mishigan, wadda dukkan wakilanta Musulmi ne, ta hana kafa tutar 'yan luwaɗi a gine-ginen hukuma, tare da sauran tutocin ƙungiyoyi. Masu fafutukar suka ce an ci amanarsu, domin suna cikin waɗanda suka yi zanga-zanga a 2017 sa'ad da gwamnatin Trump ta hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka. A garin nan ne kuma, tun 2004, wata majalisa da yawancin wakilanta ba Musulmi ba ne ta yarda a riƙa kiran salla da lasifika.